Me Ya Sa Magani Ya Yi Wa Wasu Ƙasashe Yawa, Wasu Kuma Ya Gagare Su?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ake yawan yi wa gurguwar fahimta, wato tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da ƙasashe matalauta wajen amfani da magungunan da likita ke rubutawa. Duk lokacin da maganar ta taso, akan sami masu cewa mutanen ƙasashe masu arziki jikinsu ne ba shi da ƙwari, shi ya sa ba sa rabuwa da haɗiyar ƙwaya, su kuwa talakawan duniya juriya ce Allah ya hore musu. Wasu kuma su ce ai talaka da kansa ne ya fi amincewa da saiwa da sassaƙe. Waɗannan maganganu suna da daɗin ji, amma suna binne abin da ya kamata a tona, domin a fahimtata magani a duniyar yau yana zuwa ne inda aka tanadi mai biyan kuɗinsa, ko da kuwa ciwon ya fi tsanani a wani wuri dabam.

Girman tazarar ba abin musu ba ne. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa kusan rabin mutanen ƙasar sun sha aƙalla magani ɗaya da likita ya rubuta musu a cikin wata gudan da ya gabaci ranar da aka tambaye su, kuma kusan mutum ɗaya cikin takwas yana shan iri biyar ko fiye. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nanata cewa kusan mutum biliyan 2 ba sa iya samun muhimman magunguna, irin waɗanda ta fara jerawa a wani kundi tun 1977 a matsayin waɗanda bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba.

Adalci ne a yarda cewa wani kaso na wannan bambanci ba laifin kowa ba ne, domin shekaru suna da hannu a ciki. A Japan kusan kashi 29 cikin 100 na al'umma sun kai shekara 65 ko sun haura, alhali a ƙasashen Afirka kudu da Sahara masu irin waɗannan shekaru kimanin kashi 3 ne kacal, a Nijar ma kusan rabin jama'a ba su wuce shekara 15 ba. Tsufa kuwa yana zuwa da cututtukan da ba a rabuwa da su, sai dai a yi ta lallaɓa su da magani har ƙarshen rayuwa, irin su hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya da ciwon gaɓoɓi. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama zai sha magani kwana uku ya miƙe, amma dattijo mai hawan jini kullum ne sai ya sha, shekara da shekaru. Saboda haka ƙasar da tsofaffi suka yi yawa a cikinta dole ta fi cin magani.

Sai dai wannan hujja ba ta yin nisa idan aka kwatanta masu ciwo iri ɗaya. A 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe 17, inda aka duba mutanen da suka taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, aka tambaya ko suna shan magungunan da aka tabbatar suna rage haɗarin dawowar ciwon, irin su asfirin da magungunan hawan jini da na rage kitse a jini. A ƙasashe masu arziki kimanin kashi 11 cikin 100 ne ba sa shan ko ɗaya. A ƙasashe matalauta kuwa adadin ya kai kashi 80. Waɗannan mutane ciwonsu ɗaya, buƙatarsu ɗaya, kuma magungunan da ake magana a kai tsofaffi ne masu araha, da yawansu haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Babu mai hankalin da zai ce juriya ce ta hana mutum takwas cikin goma shan ƙwayar da za ta iya tsare su daga bugu na biyu.

Kafin a rubuta wa mutum magani sai an gano abin da ke damunsa, kuma tun daga nan hanya take rabuwa. Ƙasashen Turai da dama suna da likita fiye da 30 ga kowane mutum 10,000, alhali da yawa daga cikin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su kai 3 ba, waɗanda ake da su ɗin ma sun taru a manyan birane, wasunsu kuma suna haɗa kaya domin tafiya aiki a ƙasashen da suka riga suka wadata da likitoci. Hawan jini ba ya sallama idan zai shiga jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan 1 ne ke ɗauke da shi, kashi biyu cikin uku suna zaune a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Wanda ba a taɓa auna jininsa ba, sunansa ba zai shiga lissafin masu shan magani ba, sai dai ya shiga lissafin waɗanda aka ce sun yanke jiki sun faɗi. Haka abin yake ga masu farfaɗiya, waɗanda hukumar ta ce kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa idan suka sami magani yadda ya kamata, amma kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke ƙasashe matalauta ba sa samunsa. Yana da kyau a lura kuma cewa a inda likita ya yi ƙaranci, mutane kan sayi maganin da doka ta ce sai da takardar likita ba tare da takardar ba, don haka wani kaso na abin da ake sha ba ya shiga kowane kundi.

Idan an gano ciwon an rubuta takarda, sai babbar tambaya ta taso: wa zai biya? A nan ne nake ganin gindin matsalar yake. Jamus ta kafa inshorar lafiya ga ma'aikata tun 1883, Birtaniya kuma ta buɗe tsarin lafiyarta na ƙasa a 1948, inda ake biyan kuɗin kula da marasa lafiya daga haraji. A irin waɗannan ƙasashe mai ciwo kan ba da ɗan abu kaɗan ne ko ma ya karɓi maganinsa kyauta, domin an tara kuɗin tun yana da lafiya, an raba nauyin a kan al'umma baki ɗaya. A mafi yawan ƙasashe matalauta kuwa, mai ciwo ne zai sa hannu a aljihunsa a ranar da ciwon ya kwantar da shi, wato ranar da ya fi kowace rana rashin abin hannu. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk mai aikin asibiti. Wani zai kai takarda mai magani huɗu ya ce a ba shi biyu mafi araha. Wani zai sayi na kwana uku maimakon na kwana bakwai. Mai hawan jini zai sha na wata guda, ya ji kansa ya daina sarawa, ya ajiye, domin ba zai iya fifita ciwon da ba ya gani a kan abincin iyali da kuɗin makarantar yara ba. Akan zargi irin wannan mutum da sakaci ko jahilci, ni kuwa ina ganin lissafi ne ya yi, lissafin da babu wanda ya kamata a tilasta wa yin sa.

Tara kuɗi wuri ɗaya yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba, ita ce ƙarfin ciniki. Gwamnatin da ke saya wa mutum miliyoyi magani a lokaci guda tana iya zama da kamfani ta taya, ta ce idan ba a rage ba za ta juya ga wani, shi kuwa mai saye shi kaɗai a gaban kanta ba shi da wannan baki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa akan tarar talakan ƙasa matalauciya yana biyan kuɗin da ya fi na mazaunin Turai a kan magani iri ɗaya, bayan dillalai da haraji da masu jigila kowa ya ɗora nasa. Ita kanta Amurka, duk da arzikinta, ta daɗe tana biyan farashin da ya fi na sauran ƙasashe masu arziki, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne doka ta hana shirin inshorar tsofaffi na gwamnati yin ciniki kai tsaye da kamfanoni, sai a 2022 aka fara sassauta wannan hani. Tailan kuwa, wadda ba ta cikin manyan masu arziki, ta shimfiɗa tsarin lafiya ga kowa a 2002, abin da ya nuna cewa ba sai ƙasa ta kai Jamus ƙarfi za ta ɗauke wa mai ciwo wannan nauyi ba.

Game da sababbin magunguna kuwa, haƙƙin mallaka ne ke yanke hukunci. Yarjejeniyar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya da ta fara aiki a 1995 ta wajabta wa ƙasashe mambobi kare haƙƙin wanda ya ƙirƙiro magani na tsawon shekara 20, kuma a cikin wannan wa'adi shi kaɗai ke da ikon sayarwa da sa farashi. Kamfanoni suna cewa da wannan riba ce suke mayar da abin da suka kashe a bincike, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Amma tarihin cutar kanjamau ya nuna inda abin ke kaiwa idan ba a sa masa linzami ba. Tun 1996 aka sami haɗin magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar, mace-mace suka ragu sosai a Amurka da Turai, amma kuɗin maganin ya haura dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara, yayin da mafi yawan masu cutar suke Afirka suna mutuwa. Da Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997, zamanin Nelson Mandela, domin ta sami damar shigo da magani mai rahusa, sai kamfanoni 39 suka maka ta a kotu, kuma ba su janye ƙarar ba sai a watan Afrilu na 2001, bayan duniya ta yi musu ca. A farkon shekarar 2001 ɗin ce kamfanin Cipla na Indiya ya sanar cewa zai sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. Ya iya yin haka ne saboda dokar Indiya ta 1970 ba ta ba da haƙƙin mallaka a kan shi kansa maganin ba, sai a kan hanyar haɗa shi, lamarin da ya ba kamfanonin ƙasar damar yin kwafi mai inganci bisa ƙa'ida, wanda ya sha bamban da jabu. A watan Nuwamba na 2001 taron Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a birnin Doha ya tabbatar cewa ƙasashe suna da 'yancin fifita lafiyar jama'arsu a kan haƙƙin mallaka, aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da kanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, Amurka ta ƙaddamar da nata shirin na yaƙi da kanjamau mai suna PEPFAR a 2003. A yau kuɗin maganin na shekara guda ya sauka ƙasa da dala 50 a irin waɗannan ƙasashe, kuma mutum kimanin miliyan 30 ne ke shan sa a duniya. Mutanen da aka taɓa cewa ba za su iya kiyaye lokacin shan magani ba, da magani ya iso gare su sun sha shi kamar kowa. Sai dai babban kaso na wannan nasara yana tsaye ne a kan tallafin waje, kuma dakatar da agajin da Amurka ta yi a farkon 2025 ya nuna yadda wannan dogaro yake da haɗari.

Masar ta ba da misali na biyu. Ƙasar ta yi fama da ciwon hanta nau'in C fiye da kusan kowace ƙasa, sakamakon allurar tsargiya da aka yi wa jama'a a shekarun baya da sirinjin da ba a tsabtace yadda ya kamata ba. Da kamfanin Gilead ya fito da maganin da ke warkar da cutar a ƙarshen 2013, ya sa masa dala 84,000 na mako 12 a Amurka, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Gwamnatin Masar ta yi ciniki ta samo shi a kan kimanin dala 900, daga baya kamfanonin cikin gida suka riƙa yin sa har ya sauka ƙasa da dala 100, sannan daga 2018 aka bi mutum kimanin miliyan 50 aka gwada su. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar.

Allurar insulin ta masu ciwon sukari ba ta sami irin wannan sa'a ba. An gano ta a Toronto ta Kanada a 1921, masu binciken suka sallama wa jami'arsu haƙƙinta a kan dala ɗaiɗai domin ta isa ga kowa, amma bayan shekara fiye da ɗari kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, su ne ke riƙe da fiye da kashi 90 na kasuwarta, kuma kusan rabin masu ciwon sukari nau'i na biyu da ke buƙatarta ba sa samu. Ga shi tana son wuri mai sanyi da sirinji da abin awon sukari, abubuwan da ke wahala a inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Akwai kuma cututtukan da ba a ma damu da nema musu magani ba, saboda masu fama da su ba kasuwa ba ne. Wani nazari ya gano cewa daga cikin sababbin magunguna 1,393 da aka fitar tsakanin 1975 da 1999, guda 16 ne kawai na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. Wani maganin ciwon barci, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, da ke ceto waɗanda cutar ta kai ga ƙwaƙwalwarsu ma an daina yin sa a shekarun 1990 don ba ya kawo riba, ba a dawo da shi ba sai bayan da aka fara amfani da sinadarinsa a wani man shafawa mai rage gashin fuska ga mata a ƙasashe masu arziki. Abin da ya iso ɗin ma ba duka ne abin dogaro ba, domin a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma mutuwar yara kimanin 70 a Gambiya a 2022, wadda aka danganta da gurɓataccen maganin tari, ta nuna abin da raunin hukumomin sa ido ke jawowa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da ake sha a ƙasashe masu arziki alheri ne. Inda kuɗi ya taru, masu sayarwa kan tura magani fiye da buƙata. Amurka da Niyu Zilan ne ƙasashen da suka yi fice wajen barin kamfanoni su tallata wa jama'a kai tsaye maganin da sai likita ya rubuta, har mutum ya je asibiti da sunan ƙwayar da ya gani a talabijin. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da maganin kashe zafi mai suna OxyContin, ya tallata shi ga likitoci yana raina haɗarin kamuwa da jarabarsa, laifin da ya amsa a gaban kotu a 2007. Da yawa daga waɗanda suka kamu sun koma ga ƙwayoyin bayan fage, kuma a 2021 mutum fiye da 100,000 suka mutu a Amurka sakamakon shan ƙwaya fiye da kima. A daidai wannan zamani, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, da dangoginsa da ake rarrabawa don jinya. Ma'anar wannan ita ce mai ciwon daji a matakin ƙarshe, ko wanda ya ƙone, ko wanda aka yi wa babbar tiyata, yana kwana yana kuka alhali maganin da zai sassauta masa tsoho ne mai araha. A nan tsoron safarar miyagun ƙwayoyi da tsauraran dokoki sun fi tsada hana ruwa gudu. Yuganda ta nuna mafita, inda ake haɗa ruwan mofin na sha a cikin ƙasar, kuma tun 2004 doka ta yarje wa ma'aikatan jinya da aka horar musamman su rubuta shi ba sai an jira likita ba.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun haɗa matsalolin biyu wuri guda. A ƙasa ɗaya za a tarar da yaron da ciwon huhu ya kashe don bai sami maganin ba, da kuma babban da ke sayen sa barkatai saboda mura, ya sha rabi ya bari. Hakan ke sa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani, kuma an ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, inda Afirka ta Yamma ta fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Saboda haka, ya Edita, ina roƙon wakilanka da ke bibiyar harkar lafiya su riƙa wuce labarin yanke ƙyalle a sababbin gine-ginen asibiti, su yi wa hukumomi tambayoyin da suka shafi maganin kansa. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma ƙalilan ne suka taɓa cikawa, don haka ya dace a tambayi kowace gwamnati nawa ta ware, nawa ta saki, kuma nawa ne daga ciki ya tafi sayen magani. A tambaya ko magungunan hawan jini da sukari da farfaɗiya suna cikin abin da inshorar lafiya ke biya, ko ana samunsu a ƙananan asibitocin karkara duk wata ba yankewa, ko ana sayen su a dunƙule domin a karya farashi, sannan a tambaya wane tanadi aka yi wa masu shan maganin kanjamau da tarin fuka a ranar da masu tallafi suka janye hannunsu.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum.